Yadda Ake Samun Izinin Kafa Allon Shago a Garwa, Marwa da Ngaundere

Yawancin masu shago a nan Arewacin Kamaru daga wurin mai walda suke fara maganar allo. A yanka ƙarfe, a kai wa mai fenti, a haƙa rami a bakin titi a zuba siminti. Sai ranar da ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suka tsaya a ƙofar shago da igiyar awo da littafi, sannan mai shago zai fara tambayar wace takarda ake nufi. Kamata ya yi aikin ya faro daga takarda, ƙarfe ya biyo baya. Girman allon, da inda ƙafarsa za ta tsaya, da abin da aka rubuta a jikinsa, su ne ke nuna ofishin da za ka je da kuɗin da za a nema a hannunka, kuma duka ukun da biro ake gyara su muddin ba a kunna injin walda ba. In an riga an kunna, gyara sai da asara.

Mataki na farko: tantance irin allonka

A idon mai wucewa allo allo ne, amma a idon hukuma ba haka ba ne. Akwai wanda aka manna a fuskar shago, saman ƙofa, ɗauke da sunan wurin da sana'ar da ake yi a ciki, aikinsa kawai ya nuna wa mutane ga shagon nan. Akwai mai ƙafafu da aka kafa a gefen titi, ko a bakin kwana da kibiya tana nuna lungun da shagon yake. Sai kuma babban allon talla irin na shataletale da mashigar gari, wanda ke yabon wani kaya ko wani kamfani.

Wannan rabe-raben shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Kundin harajin Kamaru ya ɗora harajin tambur a kan talla, kashi 3 cikin 100 na kuɗin da aka caji mai tallar, amma ya keɓe allunan da ke fuskar wuraren kasuwanci waɗanda manufarsu nuna inda wurin yake. Ma'ana, allon da ke saman ƙofarka mai cewa a nan ake ɗinki ko a nan ake sayar da kayan gini ba ya cikin wannan harajin. Da zarar ya sauko daga bango ya dasa ƙafa a gefen hanya, ya shiga filin jama'a, filin jama'a kuwa ba a zama a cikinsa sai da izini. Babban allon talla kuma ba aikin mai shago ba ne ya kafa da kansa. Dokar talla ta ranar 29 ga Disamba 2006 ta bar wannan sana'a a hannun kamfanonin talla masu lasisin Ma'aikatar Sadarwa, kai hayar fuskar allon za ka yi a wurinsu, su ne za su ji da meri.

Akwai wani wuri da mutane ke shiga ba tare da sun lura ba. Kamfanonin waya irin su MTN da Orange, da na lemo da na siminti, kan ba dillalansu allo kyauta: tambarinsu ya cinye kusan duk fuskar, sunan shagonka ƙarami a ƙasa. Kyautar tana da daɗi, sai dai ma'aikacin da ya zo dubawa talla zai gani, ba alamar shago ba. Kafin ka karɓa, tambayi wakilin kamfanin wa zai biya abin da ya hau kan allon, kuma ya ba ka kwafin takardar da ke nuna haka ka ajiye. In ya ce kar ka damu kawai, to da sauran magana.

Mataki na biyu: wane ofishi ne naka

A garuruwa irin su Gidar, Figil, Pitowa, Mokolo, Mora, Yagwa, Kuseri, Meiganga ko Banyo, meri ɗaya ce, can za ka nufa kai tsaye. A manyan biranen uku ne ake ruɗewa, domin hukumar gari hawa biyu ce. Akwai babbar merin birni, wadda tun bayan dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 magajin gari zaɓaɓɓe ke shugabanta, a maimakon wakilin da gwamnati ke naɗawa a da. A ƙarƙashinta akwai ƙananan meri uku-uku: Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku, haka Marwa, haka Ngaundere.

Manyan tituna da abin da ke gefensu, har fitilu da alamomin hanya, na babbar meri ne. Titunan cikin unguwa na ƙaramar meri ne. Saboda haka mai shago a bakin babbar kwalta a Rumde Ajiya ko a Domayo da babbar meri zai fara, wanda ke cikin lungu a Hausare ko Sabongari kuma ya fara da merin yankinsa. Idan wurinka na kan iyaka, ko titin bai bayyana babba ne ko ƙarami ba, kar ka yi hasashe. Je sashen fasaha na babbar meri, wanda za ka ga an rubuta Services techniques ko Urbanisme a ƙofarsa, ka nuna hoton wurin a waya ka tambaya. Tambayar minti biyar ce, kuma ita ke hana mutum biya sau biyu, domin rasit ɗin wannan meri ba lalle ne ya gamsar da ma'aikatan waccan ba.

Mai rumfa a cikin kasuwar da meri ta gina, shugaban kasuwa na meri zai fara gani, don rumfar haya ce a hannunsa kuma galibi akwai iyakar abin da za a iya ratayawa. Wanda kuma ke bakin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta ratsa Ngaundere da Garwa da Marwa har Kuseri, ya sani gefen wannan hanya yana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Ayyuka, da dokar kare hanyoyin ƙasa ta 2022. Ya leƙa ofishinsu na yanki kafin ya haƙa ko da taƙi ɗaya.

Mataki na uku: mai gida, wuri da awo

In haya kake, sami yardar mai gida a rubuce, ko da layi uku ne da sa hannu. Yau kuna gaisawa da fara'a, amma ranar da kuɗin haya ya haɗa ku, ramukan da ka huda a bangonsa za su shigo cikin lissafi.

Daga nan fita ka tsaya a tsallaken titi ka dubi wurin kamar baƙo. Ina magudanar ruwa take? Allon da aka dasa a cikin kwata ko a kan murfinta da wuya ya sami izini, in ma ya samu, ranar yashe kwata zai tafi. Ina wayoyin lantarki suka bi? Ƙarfe mai tsayi kusa da waya haɗari ne ga mai walda tun kafin a zo maganar hukuma. Shin allon zai kare wa mai babur ganin abin da ke fitowa daga kwana? Zai rufe alamar hanya, ko ya tura mai tafiya a ƙasa ya sauka kan kwalta? Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ma'aikacin fasaha zai duba, gara ka riga shi gani. Jikin falwayar lantarki, bishiyar bakin hanya da katangar makaranta ko ofishin gwamnati kuwa, cire su daga ranka.

Sai awo. Da murabba'in mita ake lissafi, kuma kowace fuska ana ƙirga ta. Allo mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1 murabba'in mita 2 ne. In an yi masa rubutu gaba da baya don mai zuwa da mai komawa su karanta, ya zama 4. A ganina yawancin allunan garin nan sun fi ƙarfin buƙatarsu. Mai kabu-kabu da ke wucewa a guje ba zai karanta layi takwas ba. Sunan shago, sana'a a kalma biyu ko uku da lambar waya da manyan baƙaƙe sun wadatar, ragowar jerin kaya a bar wa bakin mai shago.

Game da rubutun kansa, Faransanci da Turanci su ne harsunan hukuma a Kamaru, amma allunan kasuwanninmu cike suke da Hausa da Fulatanci da Larabci. Ka sa layi ɗaya na Faransanci da ke faɗin sana'ar, in kuma akwai ajami ko Larabci, rubuta ma'anarsa a jikin zanen da za ka miƙa, kada fayil ya kwana a tebur don wanda ke dubawa bai iya karanta shi ba. Dokar 2006 ta hana tallar taba sigari a kan alluna, ta kuma tsananta a kan tallar magani da ayyukan jinya. Masu maganin gargajiya su kula da wannan sosai: sunan wuri daban, jerin cututtukan da ake alƙawarin warkarwa da hotunansu daban, na biyun nan shi ke jawo a sauke allo.

Mataki na huɗu: haɗa takardu

Kowace meri tana da jerinta, wani lokaci a manne a bango kusa da ƙofar sashen. Ɗauki hotonsa. Abubuwan da kusan ko'ina ake nema su ne wasiƙar neman izini mai tambur, kwafin katin ɗan ƙasa ko katin zama ga baƙo, takardar lambar haraji da ake kira NIU, shaidar cewa ka biya harajin sana'arka na bana, takardar rajistar kasuwanci in kana da ita, yarjejeniyar haya ko yardar mai gida, zanen allon da awonsa, da taswirar wurin.

Tamburin gwamnati ya koma sefa 1,500 tun 2023, meri kuma tana da nata tamburin da ake saye a wurin mai karɓar kuɗinta. Shaidar haraji ita ce ke tsayar da mutane da yawa. Ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu na shekara bai kai sefa miliyan 50 ba yanzu suna ƙarƙashin harajin da ake kira IGS, wanda dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamba 2024 ta kawo. In ba ka daidaita da ofishin haraji ba, fara da can, don kai kanka gaban meri da fayil alhali ana bin ka bashi tsokano tsuliyar dodo ne.

Wasiƙar da Faransanci ake yi, masu buga takardu da ke zaune kusa da meri sun saba da ita. Amma kar ka bar su su buga maka tsohuwar da ke cikin kwamfuta su canza suna kawai. Zauna kusa da mai bugawa. A sama a rubuta wa Monsieur le Maire de la Ville de Garoua, ko na Marwa, ko na ƙaramar merin da ta dace. A layin dalili a sa Demande d'autorisation de pose d'enseigne. Kalmar ƙarshen nan ita ke nuna alamar shago kake nema, kar a musanya ta da ta allon talla. A cikin wasiƙar a faɗi sunanka da na shagon, unguwa da wata alama sananniya kusa da wurin, faɗi da tsayin allon, fuska nawa, da me za a yi shi, a bango zai zauna ko a kan ƙafafu, mai fitila ne ko marar fitila, da lambar wayarka.

Taswira ba sai ta injiniya ba. Farar takarda da biro sun isa: ja layin titi, sa masallaci ko gidan mai ko famfon da kowa ya sani, sa shagonka, sa alamar kuros inda allon zai tsaya, ka rubuta mita nawa ne daga bakin kwalta. In ka haɗa da hoton fuskar shagon da aka buga a takarda, ka zana wurin allon a kai, ka rage wa ma'aikacin rabin aikinsa. In allon babba ne mai ginshiƙi da tushen kankare, ana iya ce maka ka nemi izinin kafa gini na wucin gadi da dokar tsara birane ta 2004 ta tanada, wannan fayil ne daban.

Mataki na biyar: miƙawa da bibiya

Ofisoshin gwamnati daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa 3:30 na yamma suke aiki. Je da hantsi, ka guji ranar Juma'a, don kafin azahar an fara watsewa.

Ofishin karɓar wasiƙu, Service du courrier, shi ne ƙofar shiga. Je da fayil biyu, na asali da kwafi. Ma'aikacin zai karɓi na asali, ya buɗe babban littafi ya ba shi lamba. A nan ne za ka tura masa kwafin wasiƙarka a kan tebur ka ce, "Malam, a taimaka a buga min hatimi a nan." Zai danna hatimin shigowa, ya rubuta kwanan wata da lambar da ya sa a littafi, ya sa hannu. Duba da kyau ka tabbata lambar tana karantuwa, don tawadar hatimi kan dushe, in ta dushe ka roƙe shi ya maimaita da biro. Wannan kwafin ba izini ba ne, amma shi ne shaidar cewa ka zo da kanka tun ba a neme ka ba, kuma da lambarsa ake gano fayil in ya ɓace tsakanin tebura. Kada ka miƙa fayilinka ga wanda ya tare ka a farfajiya ya ce ya san kowa a ciki.

Bayan nan fayil zai wuce sashen fasaha, su aiko wanda zai ga wurin. Kasance a shago ranar, da igiyar awonka a hannu. Kana iya jin ya ce a ja da baya mita ɗaya, ko a ɗaga sama, ko a rage faɗi. Tunda ba a yi waldar ba, amsa masa da to ba zai ci maka komai ba. In mako biyu suka wuce shiru, koma da kwafinka ka tambayi inda fayil ya tsaya da sunan ofishin da yake. Bibiya cikin ladabi tana motsa takarda fiye da faɗa.

Mataki na shida: biya

Nan ne wurin da ya fi kowane buƙatar natsuwa. Meri ba ta ƙirƙirar haraji da ka. Doka ce ke jera abin da ƙaramar hukuma za ta iya karɓa, majalisar meri ta zauna ta yanke farashi a cikin iyakar da doka ta sa, sannan wakilin gwamnati da ke sa ido a kanta ya amince. Tsohuwar dokar harajin ƙananan hukumomi ta 2009 ta jera harajin talla da kuɗin zama na ɗan lokaci a kan hanyar jama'a cikin kuɗaɗen meri, ta 2024 kuma ta maye gurbinta ta sake fasalin jerin. An kuma sha taƙaddama tsakanin manyan kamfanoni da hukumomin birane a kan wane kuɗin talla ne doka ta halatta. Saboda haka abin da maƙwabcinka ya biya shekara uku da suka wuce ba ma'auni ba ne, haka ma abin da wani ya faɗa maka da baki.

Nemi a ba ka takardar lissafi mai ɗauke da sunan kuɗin, awon da aka yi amfani da shi, farashin murabba'in mita, da tsawon lokacin da biyan ya ɗauke. Kana da damar tambayar wane ƙudurin majalisa aka dogara da shi. In allonka na fuskar shago ne kawai amma ka ga an rubuta maka harajin talla, nuna wasiƙarka da hotonka ka nemi a sake dubawa. Da takardar lissafin za ka je ofishin ma'ajin meri, Recette municipale, ka biya a taga, a ba ka rasit mai lamba da hatimi, da sunanka da adadin da ka biya daidai. Karanta shi kafin ka bar tagar. Harajin tambur na talla kuma, in ya hau kanka, ta hannun ofishin haraji ko kamfanin tallar da ka yi hulɗa da shi yake bi.

In wani ya zo shago ya ce a ba shi jaka biyar a rufe magana, ba sai an ɗaga murya ba. "Yallaɓai, sannu da aiki. Ba ƙin biya nake ba. A rubuta min takarda, gobe da safe in je ma'aji in biya." Ma'aikacin gaskiya zai rubuta. Kuɗin da ya shiga aljihu kuwa bai rufe komai ba, wata mai zuwa wata tawagar za ta zo, ba kuma abin da za ka nuna mata.

Rasit da takardar izini abu biyu ne. Bayan ka biya, koma sashen fasaha da kwafin rasit ɗin ka karɓi izinin da magajin gari ko wakilinsa ya sa wa hannu.

Mataki na bakwai: kafawa

Yanzu ne lokacin mai walda. Ba shi awon da ke cikin izini, ka tsaya a kansa, don masu walda suna son ƙara ɗan taƙi wai don ya yi kyau. Iskar farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, ita ce ke gwada allunan yankin nan. Faffaɗan kwano a kan siraran ƙafafu ba ya daɗewa a gabanta, in kuma ya faɗa kan mutum ko motar wani, mai allo ake nema. A yi firam da ƙarfe mai kauri, ƙafafu su nutse sosai a cikin kankare, na bango a ɗaure shi da kusoshi masu noti, ba waya ba. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yakan haura digiri 40, tamfol ɗin da ake bugawa da inji kan koɗe ya tsattsage da wuri, fentin mai a kan kwano ya fi shi juriya ko da bai kai shi ƙyalli ba. Mai fitila ya ja wuta daga mitarsa, mai gyaran lantarki ya rufe mahaɗar wayoyin yadda ruwa ba zai shiga ba. Da an gama, ɗauki hoto ka haɗa da takardunka.

Bayan an kafa

Yi kwafin izini da rasit ka sa a leda ka ajiye a shago inda yaronka ya sani, na asali su zauna a gida. Sau da yawa mai shago ba ya nan ake zuwa, yaro kuma in ba shi da abin nunawa sai kallo. Shekarar kuɗin hukuma daga Janairu zuwa Disamba take, don haka duba ranar da izininka zai ƙare, ka je sabuntawa da tsohon rasit a farkon shekara.

Wanda ya riga ya kafa ba izini, hanyar ɗaya ce: ya haɗa fayil kamar yadda aka bayyana, ya faɗa a wasiƙar cewa allon yana tsaye, daidaitawa yake nema. In an manna maka takardar gargaɗi ko an shafa wa allon jan kuros, akwai wa'adi a ciki, je kafin ya cika. In 'yan sandan meri sun riga sun ɗauke shi, nemi takardar kamawa, ka je ma'ajiyar kayan da aka kama da wuri, domin kuɗin ajiya da kwana ake lissafa shi. In kana ganin an zalunce ka, rubuta wa magajin gari ƙorafi ka karɓi hatimi a kwafinka, sai an bi ta nan kotun da ke sauraron ƙarar hukuma za ta saurare ka, akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere.

Izinin na wannan allon ne a wannan wurin. In ka ƙara girmansa, ko ka sa masa fitila, ko ka koma wata unguwa, sabuwar wasiƙa ake yi. Ranar da ka tashi daga shagon kuma, sauke allonka ka rubuta wa meri layi biyu cewa ka sauke, a buga maka hatimi, in ba haka ba sunanka zai ci gaba da zama a littafinsu ana lissafa maka kuɗin shekara.